Amsoshin Tambayoyinku: Faifan Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Soul

Tambayarmu ta yau ta fito daga Malam Sani, unguwar Nima a birnin Accra. Yana cewa: "Don Allah mene ne kiɗan soul da iyayenmu a Zango suke so, kuma wane faifai zan fara saurara?"

To, Malam Sani, mun gode. Soul kiɗa ne na baƙar fatar Amurka. Ya samo asali daga waƙoƙin coci da kiɗan bulus, kuma yawancin waƙoƙinsa na soyayya ne da bege. Ga biyu daga cikin kamfanonin da suka fi yaɗa shi: Motown a birnin Detroit, da Stax a Memphis.

Shi kuwa faifan zaɓaɓɓun waƙoƙi, kamfani ne ke tattara waƙoƙin mawaƙi da suka fi karɓuwa, ya haɗa su wuri guda. Misali shi ne na Al Green da ya fito a 1975. Muna ba ka shawara ka fara da shi, sannan ka nemi na Sam Cooke da na Marvin Gaye.

Accra ma tana da nata tarihin soul. Ranar bikin 'yancin Ghana, 6 ga Maris 1971, an yi gagarumin wasan Soul to Soul a dandalin Black Star, inda Wilson Pickett da Roberta Flack da Tina Turner suka rera waƙa har gari ya waye.

Malam Sani, ka tambayi dattawan unguwannin Nima da Maamobi labarin wannan dare.