Yadda Dattijo Zai Rubuta Wasiyyarsa

Kason kowane magaji sananne ne a shari'a, ba kasafai ake faɗa a kansa ba. Abin da ke kai 'yan'uwa gaban alƙali bayan an share makoki shi ne tantance abin da yake na mamaci da wanda ba nasa ba. Daga nan ya kamata mai wasiyya ya fara, tun yana da lafiya da hankalinsa.

Ya samu littafi ya lissafa gida, gona, fili, shanun da ke hannun makiyayi da kuɗin banki, ya faɗi inda takardun kowanne suke. Sannan ya ware abin da ke hannunsa amma na wani ne: amana, gonar jingina, zinaren matarsa, jarin ƙaninsa da ke cikin shago.

Sai bashi, wanda ake binsa da wanda yake bi, har da ragowar sadaki. Ana fara cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, kafin a taɓa gado.

Ita wasiyyar ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. A ganina wanda ya fi cancantar wannan sulusi shi ne jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa. Muddin baffanninsa na raye, ba shi da ko taro a gadon, alhali wataƙila a gidan ya tashi. Haka agola da ɗan riƙo. Dattijon da ke son su ya ambace su da suna, ya faɗi abin da za a ba su.

A yi hattara da kyautar baki. Uba ya ce "gidan nan na ba wa Auta" amma ya ci gaba da karɓar kuɗin haya har ya rasu, to a mazhabar Malikiyya kyautar ba ta tabbata ba, tunda Auta bai karɓi gidan a hannunsa ba. Wanda zai yi kyauta ya miƙa ta gaban shaidu, a sauya takardu. Kyautar da aka yi cikin ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka.

Ma'aikaci na da ƙarin aiki. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta sa ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wurin aikinsa ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa. Ya rubuta sunan kamfanin da ke riƙe da asusun da lambarsa. Ya kuma sanar da iyali cewa wanda ya sa a fom a matsayin makusanci ba shi ne mai kuɗin ba. Za a nemi takardar shaidar mutuwa da takardar kotu kafin a saki ko kobo, kuma kuɗin gado ne na dukkan magada.

Daga nan ya nuna wa malamin da ya san ilimin gado, ko lauya, takardar da ya rubuta, ya sa hannu da kwanan wata gaban adalai biyu waɗanda ba su da rabo a ciki. Idan akwai ƙananan yara, ya naɗa wasiyyi mai kula da dukiyarsu, ya ba shi kwafi. Duk lokacin da ya sayar da gona ko ya biya bashi, ya gyara takardar gaban shaidu.