Me Ya Sa Mota Ke Ƙin Tashi da Sanyin Hunturu?

Darasinmu na wannan mako a kan mota ne. Duk wanda ya yi sammako ya bi ta tasha a 'yan kwanakin nan ya ga ana tura mota, direba yana ciki yana faɗa. Muka ce, motar da ta kwana lafiya, me ya same ta da asuba?

Da yawa daga motocin da ke jigila tsakanin Rano da Kibiya, ko su bi ta Bunkure zuwa Kano, ba yadda kamfani ya ƙera su suke ba. Tsohuwar Golf ce daga Turai, an ƙara mata ƙarfin sifirin na baya don ta ɗauki buhunan masara da shinkafa, an ɗora mata ƙarfen ɗaure kaya a rufi, an sa ƙarin fitilu da rediyo mai manyan sifiku. Duk wannan ƙari bashi ne motar ta ci, hunturu kuma shi ke zuwa karɓa.

Mu fara da batir. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, kuma wutarsa tana fitowa ne daga aikin da ruwan asid ke yi da darma a cikinsa. Sanyi yana rage saurin wannan aiki. A lokacin kuma baƙin mai ya yi kauri, injin ya yi nauyin juyawa. To ga batir da fitilu da sifiku suka tsotse jiya da dare, ina zai samu ƙarfi? Sai a kankare farin garin da ke taruwa a kan batir, a ɗaure wayoyin sosai. In mai buɗewa ne a ƙara masa ruwan batir, ba ruwan rijiya ba.

Sai ƙura. Iskar hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas, kuma ƙura mai yawa tana fitowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Yadda take shiga mana hanci haka take shiga injin, don shi ma numfashi yake yi. Kafin ya ƙona kilo 1 na fetur yana bukatar iska kusan kilo 15. Matatar iska ce ke tare ƙurar. In ta toshe, mota ta rasa ƙarfi. Wasu sai su cire ta gaba ɗaya, wai don motar ta ƙara gudu. Mu dai ba mu yarda da wannan dabara ba. Ƙurar za ta wuce ciki ta goge ringi kamar yashi, injin ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, a ƙarshe a tafi Ƙofar Ruwa neman kayan gyara da kuɗin da ya ninka na matatar sau da yawa.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne wani ɗan ƙarfe da ake kira tamostat. Ƙofa ce tsakanin injin da lagireto. In injin yana da sanyi sai ta rufe, ruwa ya tsaya a ciki ya yi ɗumi da wuri. In zafi ya kai wajen digiri 90 sai ta buɗe. Makanikai da yawa suna cire ta, su ce don ƙasashen sanyi aka yi ta. A watan Afrilu ba za a lura ba. Amma a Disamba da Janairu injin zai daɗe bai ɗumama ba, kuma injin mai sanyi ya fi shan fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowa ya san abin da lita ɗaya take nufi a gidan direba. (Kada wanda ya buɗe murfin lagireto injin yana da zafi. Ruwan zai fesa ya ƙona fuska.)

Iskar taya ma tana raguwa da sanyi, don haka a auna ta wajen mai faci da safe.

Saura abin da ya shafi ranmu, tunda mu ne fasinjojin. An ƙara wa mota sifirin, amma birkinta na da ne, kuma mota mai kaya ta fi daɗewa kafin ta tsaya. In hazo ya sauko, sai direba ya zo dab da amalanke ko garken shanu kafin ya gani. Babbar fitila ba ta taimakawa, don haskenta yana bugun ƙurar ya dawo ido. Ƙaramar ake kunnawa, a rage gudu. Gilashi kuma a zuba masa ruwa kafin a kunna waifa, in ba haka ba ƙura ta karce shi.

Ga aikin gida. Wanda babansa ko yayansa ke da mota ko babur, ya roƙa a ciro masa matatar iska ya ɗaga ta ga rana. In ta takarda ce kuma haske bai ratsa ba, lokacin canji ya yi. A kawo mana abin da aka gani ranar Alhamis, za mu liƙa a nan ƙasa.