Tsakanin Wajibi da Mubahi: Gargaɗi ga Mai Sayen Manhajar Ma'aikata

Duk ma'aikatar da ta kai wani matsayi na girma, banki ce ko kamfanin sufuri ko hukumar gwamnati, za ka tarar ba manhaja ɗaya take aiki da ita ba: ta albashi daban, ta rumbun kaya daban, ta lissafin kuɗi daban, kowace an sayo ta daga wani kamfani a wani zamani, alhali kuwa tilas ne su riƙa miƙa wa juna bayanai ta intanet ba tare da wani magatakarda ya zauna yana kwafewa da hannu ba. Ƙofar da wata manhaja ke buɗe wa 'yar'uwarta domin wannan mu'amala ita muke kira hidimar nesa, kuma haɗa waɗannan ƙofofi shi ne sana'ata. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata kalma da 'yan kasuwar manhaja ke faɗa wa shugabanni a ɗakin taro, wato cewa kayansu na bin ƙa'idar duniya, sai shugaba ya natsu ya sa hannu, yana zaton an ba shi hujja, alhali da'awa kaɗai aka yi masa.

Ba ina nufin ƙarya suke yi ba. Galibi gaskiya suke faɗa, sai dai gaskiyar ba ta ɗauke da abin da mai saye ya fahimta. A shekarar 1997 wani masani na Jami'ar Harvard, Scott Bradner, ya rubuta wata gajeriyar takarda mai lamba RFC 2119, wadda ta tsara yadda marubutan ƙa'idojin intanet za su bambance ƙarfin umarninsu, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu zai gane rabe-raben nan take, domin sun yi daidai da hukunce-hukunce biyar: akwai wajibi, akwai haramun, akwai mustahabbi, akwai makaruhi, akwai kuma mubahi wanda aka bar wa mai gini zaɓi. To, kamfanoni biyu na iya cika dukkan wajibai, su nisanci dukkan haramtattu, kowane ya cancanci a ce ya bi ƙa'ida, amma ɗaya ya ɗauki wani mubahi ya dogara a kansa, ɗayan kuwa ya bar shi, sai manhajojinsu su kasa fahimtar juna ba tare da an samu wanda za a tuhuma da saɓa nassi ba.

Tarihin fannin da kansa shaida ne. An fara ƙirƙiro SOAP, wato ƙa'idar musayar saƙo tsakanin manhajoji, a Microsoft a 1998, aka miƙa bugu na 1.1 ga ƙungiyar W3C a 2000, shi ma WSDL wanda ke bayyana siffar hidima aka miƙa shi gare ta a 2001. Ba a yi nisa ba saɓani ya yi yawa har manyan kamfanonin da kansu, cikinsu da IBM da Microsoft da Oracle da SAP, suka kafa wata ƙungiya mai suna WS-I a watan Fabrairu na 2002, wadda aikinta ba kawo sabuwar ƙa'ida ba ne, sai yin sharhi a kan waɗanda ake da su da ƙuntata tawilinsu. Sharhin nan, Basic Profile, har wata hanyar tsara saƙo da SOAP ya halatta ya hana, saboda kowane kamfani ya fahimce ta da fuskarsa.

A wurin aiki kuwa, mas'alolin da ke cinye dare ƙanana ne a ido. Na taɓa haɗa manhajar tallace-tallace da ta lissafi a wata ma'aikata, inda ɗaya ke aiko da lokaci ba tare da faɗin agogon wace ƙasa ba ne, ɗayar kuma, da ba a gaya mata ba, sai ta yi nata hukuncin; da yake agogon Nijeriya da Nijar na gaban na Girinwich da awa ɗaya, cinikin da aka yi ƙarfe goma sha biyu da rabi na daren ɗaya ga wata sai ya koma cikin watan da ya wuce, akawu ya rufe littafi lissafi bai daidaita ba, aka fara kallon masu karɓar kuɗi da idon zargi, bayin Allah da ba su ci ba su sha ba. Wannan ne ya fi ɓata mini rai a sana'ar nan, domin kuskuren na'ura kan ƙaramin ma'aikaci yake fara sauka. Haka nan bambancin gurbin da aka bari babu komai da gurbin da ba a aiko shi ba sam: wata manhaja na ɗaukar na farko da ma'anar a goge abin da ke ajiye, wata kuma da ma'anar a bar shi yadda yake. Sai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wato haruffanmu masu ƙugiya, domin tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, kuma muddin wani sashe na hanyar bai yi aiki da tsarin haruffa na UTF-8 ba, sunan Ɗanladi zai isa ɗaya gefen da alamar tambaya a goshinsa.

Matasan magina kan ce ai wannan ciwon SOAP ne, yanzu zamanin REST da JSON ne. Hakika sun fi sauƙi, amma REST, kamar yadda Roy Fielding ya bayyana shi a kundin digirinsa na 2000, salon gini ne, ba yarjejeniya ba. JSON kuwa, wanda tsarin rubuta bayanai ne, ba shi da wani nau'i na kwanan wata, kuma lambar da ta haura 9,007,199,254,740,991 na iya gurɓacewa a hannun JavaScript, abin da ya sa Twitter a 2010 ya koma aika lambobin saƙonninsa a matsayin rubutu ma. Ita kanta takardar OAuth 2.0 ta 2012, wadda ake dogara da ita wajen ba da izinin shiga, ta yi iƙirari a cikinta cewa yawan zaɓin da ta bari na iya haifar da gine-ginen da ba za su jitu ba.

Saboda haka, ya kai mai riƙe da alƙalamin sa hannu, idan aka ce maka ana bin ƙa'ida, tambayi wace ce, bugu na nawa, kuma waɗanne daga mubahanta aka ɗauka, waɗanne aka bari, sa'an nan waɗanne ƙare-ƙare kamfanin ya yi na kansa, domin ƙarin nan, ko da yana da amfani, shi ne igiyar da za ta hana ka komawa wurin wani gobe. Kada ka wadatu da gwajin da suka shirya da bayanansu masu tsabta. Ba su naka, da sunaye masu ƙugiya da cinikin tsakar dare da guraben da babu komai, a haɗa da ainihin manhajar da kake da ita, a gaban ma'aikatanka, kafin kuɗi su fita. A rubuta cikin yarjejeniya wa'adin sanarwar da za su ba ka kafin su canza siffar hidimar, da wanda zai ɗauki nauyin gyara idan canjin ya karya haɗin.