Reshe mai saiwa cikin iska

A Kona da sauran ƙauyukan Tasawa da Mayahi, manomi yakan sari reshen aguwa ko na dashi ya kafa a bakin gona. Bayan ƴan makonni reshen ya yi saiwa, ya zama shinge. Haka ma rogo da zogale. Amma wasu itatuwa, kamar magarya da gawo, ba su kamawa da sauƙi.

Me ya sa? Reshen da aka yanko ba shi da saiwa, amma ganyensa na ci gaba da zubar da ruwa cikin iska. In ƙasa ta bushe, ƙishirwa ta kashe shi. In ruwa ya yi yawa, gindinsa ya rasa iska ya ruɓe. Reshe yana bukatar laima da iska a lokaci guda.

Akwai wani ƙaramin inji mai araha da ke ba shi duka biyun. Baƙin bokiti ne mai murfi. An huda murfin, an sa kowane reshe cikin huda, an riƙe shi da guntun soso. Ganye na sama, gindi na reto cikin duhu, bai taɓa ƙasa ba. A cikin bokitin akwai ruwa da ɗan famfo mai fesa wa gindin ruwa kamar raɓa. Ruwan ya koma ƙasa, famfo ya sake ɗauka, don haka ba a ɓarna. Ana iya ɗaga murfi a ga saiwa ba tare da an tuge reshe ba.

Famfon yana aiki da lantarki ko da farantin hasken rana. In ya tsaya da tsakar rana, sabuwar saiwa ta bushe. Shi ya sa ake ajiye injin a inuwa, ana duba shi kullum.

A shekarar 2013 masu bincike na cibiyar IITA, a Ibadan cikin Najeriya, suka fara yaɗa doya daga yaɗonta ta wannan hanya. Ita kuwa magarya mai manyan ƴaƴa, wadda cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa a Nijar, aure ake yi mata: a ɗaura reshenta a kan magaryar daji.

Wahalar tana da dalili. Iccen da ya fito daga ƙwallo yana iya bambanta da uwarsa. Wanda ya fito daga reshe kuwa, ƴaƴansa iri ɗaya ne da nata.

Tambayoyi
1. Waɗanne itatuwa ne ke kamawa da sauƙi?
2. Me ke kashe reshe kafin ya yi saiwa?
3. Don me ake ajiye injin a inuwa?

Aiki
A yanko rassan zogale uku. A kafa ɗaya a busasshen rairayi, ɗaya a taɓo, ɗaya a rairayi mai laima. A rubuta abin da aka gani kowane mako.