Darasi Na 18: Masu Sa Wa Duniya Rana

Kwanan baya mun ziyarci wani ajin yaƙi da jahilci a ƙauye. Da aka tashi, sai wani dattijo ya zaro wata takarda daga aljihunsa, duk ta tsufa don yawan ninki. Ya ce a kasuwa aka ba shi, wanda ya ba shi kuwa ya ce an rubuta ranar tashin duniya a ciki, ranar kuma ta yi kusa. Dattijon nan yana ci da mutum goma sha ɗaya a gidansa, ga damina ta matso. Ya ce, "Malam, in haka ne, in kai taki gona ko in bari?"

Ba mu yi masa dariya ba, don abincin shekara guda ne a cikin tambayar nan. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi darasin yau a kanta.

Labarin wani manomi a Amurka

A ƙasar Amurka an yi wani manomi, sunansa William Miller. An haife shi a 1782, ya zauna a wani ƙauye cikin jihar New York. Kirista ne mai yawan karatun Littafi Mai Tsarki, mutane kuma sun shaide shi da gaskiya. A littafin Daniyel ya ga an ambaci kwana 2,300. Sai ya ce kowane kwana shekara guda a ke nufi. Ya kuma ce a fara ƙidaya daga shekara ta 457 kafin haihuwar Annabi Isa. To, ku ɗauki fensir mu yi lissafin tare. In an ɗebe 457 daga 2,300, saura 1,843. Don haka ya ce Almasihu zai komo, duniyar nan ta ƙare, tsakanin 21 ga Maris 1843 da 21 ga Maris 1844.

Ya yi ta yawo gari gari yana wa'azi. Aka buga jaridu, aka kafa manyan tantuna don taro. Masana tarihi sun ƙiyasta mabiyansa sun kai 50,000, waɗansu ma sun ce sun fi haka. Maris na 1844 ya zo ya wuce, ba abin da ya faru. Sai wani daga cikin mabiyansa, Samuel Snow, ya sake lissafi, ya ce ranar ita ce 22 ga Oktoba 1844. Jama'a suka karɓa, daga baya shi ma Miller ya yarda.

Da ranar ta matso, mutanen nan suka yi abu iri biyu. Ku lura da su ƙwarai, don su ne gindin darasinmu.

Na farko, da yawa suka biya bashin da a ke bin su. Wanda ya ci haƙƙin wani ya mayar. Waɗanda ba sa ga maciji da juna suka nemi gafarar juna.

Na biyu, waɗansu suka bar amfanin gona bai girbu ba, dankali yana cikin ƙasa ba a tona ba. Waɗansu suka rufe kantunansu, waɗansu suka rabar da dukiyarsu. A ƙasarsu kuwa bayan Oktoba hunturu ya ke shigowa da ƙanƙara, ba abin da ke tsirowa sai bayan watanni.

Ran 22 ga wata suka taru a gidaje da wuraren ibada, suna jira. Rana ta faɗi, dare ya raba, gari ya waye kamar kullum. Mutane suka yi ta kuka. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Miller ya amsa cewa ya yi kuskure a kan lokaci, ya rasu a 1849.

Yanzu mu duba. Wanda ya biya bashi bai yi hasarar kome ba, ya kwana da sauƙin zuciya. Wanda ya bar gonarsa kuwa, shi da iyalinsa suka shiga hunturu hannu wofi. Lissafin ɗebewar da muka yi ɗazu daidai ya ke, amma tushen da aka ɗora shi a kai zato ne kurum. In tushe zato ne, ko lissafi ya yi kyau, ba ya zama sani.

Ba shi kaɗai ba ne

Kada mu ce wannan halin Turawa ne. Da shekara ta 1000 ta Hijira ta gabato, aka yi ta faɗi a ƙasashen Musulmi cewa duniya ba za ta wuce dubu ba. Shehun malami Jalaluddin Suyuɗi na Masar, ɗaya daga cikin marubuta biyu na Tafsirin Jalalaini da a ke karanta mana da azumi, ya rubuta ɗan littafi a shekara ta 898 ta Hijira, ya nuna musu al'umma za ta wuce dubu. Ga shi yau mun haye 1440.

A ƙasar Yuganda shugabannin wata ƙungiya sun ce wa mabiyansu duniya za ta ƙare a ƙarshen 1999. Mutane suka sayar da gonaki da dabbobi, suka kai musu kuɗin. Da ranar ta wuce, waɗansu suka fara neman a mayar musu da abinsu. Ran 17 ga Maris 2000 aka ƙone ɗaruruwan mutane a ɗakin ibadarsu a garin Kanungu, daga baya kuma aka tono gawawwaki a waɗansu gidajen ƙungiyar. Waɗanda suka mutu sun fi 700, har da yara ƙanana.

A Amurka kuma wani mai wa'azi a rediyo, Harold Camping, ya sa 21 ga Mayu 2011. Waɗansu suka bar aiki, suka kashe ajiyarsu wajen buga sanarwa. Ranar ta wuce, ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba, ita ma ta wuce. A 2012 ya fito ya ce ya yi laifi da ya sa rana.

Duk wanda ya taɓa sa wa duniya rana, ranar ta zo ta wuce. Wahalar kuwa kullum a kan talakan da ya gaskata ta ke faɗawa.

Abin da addinai suka ce

Musulmi sun yi imani akwai tashin kiyama, ba shakka a ciki. Kirista ma sun yi imani da ranar shari'a. Amma a kan yaushe ne, bakinsu ɗaya. Alƙur'ani mai girma, a Suratul A'arafi aya ta 187, ya nuna sanin lokacin yana wurin Allah shi kaɗai. Da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da lokacin, amsar da ya bayar ta nuna shi ma ba a sanar da shi ba. A Linjila ta Matiyu, sura 24 aya 36, an nuna ko mala'iku ba su san ranar ba. To, abin da aka ɓoye wa annabawa da mala'iku, ina mai rabon takarda a kasuwa zai samo shi?

Sa'an nan, me mutum zai yi kafin ranar? A nan ma hanya ɗaya suka nuna.

Na ɗaya, a ci gaba da aiki. Imamu Ahmad ya ruwaito hadisi daga Anas, mai koya mana cewa ko da kiyama za ta tsaya alhali mutum yana riƙe da dashen dabino, in yana da hali ya dasa shi. Yahudawa suna da koyarwa mai kama da wannan daga wani malaminsu na dā, Yohanan ɗan Zakkai: mai dashe a hannu ya gama dasawa tukuna, ko da an ce masa wanda a ke jira ya iso. Manzo Bulus kuma ya rubuta wa Kiristan garin Tasalonika, waɗanda aka ruɗa da maganar ranar, ya tsawata wa masu zaman banza, ya umurce su kowa ya yi aiki ya ci gumin kansa.

Na biyu, a tsare haƙƙin mutane. Akwai sura guda a Alƙur'ani da ta fara da gargaɗi ga masu tauye mudu, ta kuma tuna musu za a tashe su a tsayar da su gaban Ubangiji. Attaura ita ma ta hana ma'aunin algus. Biyan bashi, riƙon amana, faɗin gaskiya, girmama iyaye, duk littattafan nan sun yi umurni da su.

Na uku, a ji tausayin mai rauni. A Linjila ta Matiyu, sura 25, an nuna ranar shari'a za a duba wanda ya ciyar da mayunwaci, ya shayar da mai ƙishirwa, ya gai da marar lafiya. Imamu Muslim ya ruwaito hadisi da ya nuna Allah zai tuhumi bawa a kan waɗannan abubuwa uku ranar kiyama. Maraya, da matar da mijinta ya rasu, da baƙo, da maƙwabci, kowane addini ya ba su haƙƙi.

Kun ga, duk alherin da mutanen Miller suka yi ba ya bukatar a sa rana. Mutum yana iya biyan bashi yau. Yana iya cika mudu yau. Kowannenmu kuma yana da tasa ranar, watau ajali, ba kuwa wanda ya san ko zai kai gobe. Wannan ya isa wa'azi.

Mu koma ga takardar dattijo

Muka ce masa, "Baba, ai yanzu kana iya karatu. Karanta mu ji." Ya buɗe, ya bi ta da yatsa sannu sannu har ƙarshe. Ashe irin takardar nan ce da a ke cewa wasiyyar wani Shehu Ahmadu ce, mai tsaron kabarin Annabi a Madina. Ta daɗe tana yawo a ƙasashen Musulmi, malamai kuma, har da Shehu Abdul'aziz bin Baz na Saudiyya, sun bayyana cewa ƙirƙira ce. Babu kwanan wata a jikinta. Ranar da aka ce masa an rubuta ma ba ta ciki ko kaɗan, mai rabon ne ya ƙara da bakinsa. Abin da ke ciki shi ne tsoratarwa, da cewa wai wanda bai kwafa ya raba ba zai gamu da masifa.

Dattijo ya ninke takardar, ya yi shiru. Can ya ce, "Ashe da ban zo aji ba, da na bar gonata a kan abin da ba a ma rubuta ba." Ya ce gobe da sassafe zai ɗaura wa jakinsa mangala.

Saboda haka, jama'a, in an kawo mana irin wannan labari, a takarda ne, ko a rediyo, ko a waya, mu tambaya: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me ya ke so mu yi? In ya ce mu bar gona, ko mu sayar da abin hannunmu mu kawo masa, mu kai maganar ga malami ko fasto wanda muka san halinsa. Kada mu sayar da iri, kada mu fasa rumbu, kada mu cire yara daga makaranta. Mu yi ibada, mu yi noma, mu zauna lafiya da maƙwabta, ko addininmu ɗaya ko ba ɗaya ba. Allah ya sa mu cika da kyau.

Tambayoyi

1. Wace rana ce mabiyan Miller suka taru suna jira?
2. Faɗi abu biyu da suka yi kafin ranar. Wanne ya amfane su, wanne ya cuce su?
3. Ɗebe 457 daga 2,300. Me ya sa lissafin ya yi daidai amma maganar ba ta tabbata ba?
4. Faɗi abu uku da Musulmi da Kirista suka haɗu a kai.

Aikin rubutu

Kowa ya rubuta wannan a littafinsa sau uku: Zan dasa itace bana. Zan biya bashina. Zan cika mudu.