Yadda Jirgin Ƙasa Ya Daidaita Agogo

Ba lokaci guda rana ke tsayawa tsaka a ko wane gari ba. Duniya tana juyawa digiri 15 cikin sa'a guda, watau minti 4 ga ko wane digiri, saboda haka mutanen gabas su kan riga na yamma ganin rana. Mu ma mun san haka da azumi, gama mutumin Maiduguri ya kan sha ruwa wajen rabin sa'a kafin mutumin Sakkwato.

A zamanin dā ko wane gari a Ingila da rana tasa ya ke gyara agogonsa. Agogon Biristol yana bayan na Landan da wajen minti 10, ba wanda ya damu, don mai tafiya bisa doki ba ya lura da minti goma. To, da jirgin ƙasa ya zo sai abin ya zama wahala. Fasinja ya zo tasha bisa agogon garinsu, ya tarar jirgi ya tashi. Wannan ma da sauƙi. Ku tuna, sau da yawa hanya ɗaya ce jiragen ke bi, mai zuwa da mai komowa, sai ɗaya ya tsaya a tasha ya jira ɗayan ya wuce. In agogon ma'aikata ya saɓa da 'yan mintoci kaɗan, sai jirage su yi karo, rayuka su salwanta.

Don haka a 1840 kamfanin Great Western ya sa dukan tashoshinsa su bi lokacin Landan, sauran kamfanoni suka bi sawu. Waɗansu garuruwa suka ƙi, har a Biristol aka yi wa wani babban agogo hannun minti biyu, ɗaya na gari, ɗaya na reluwe. Sai a 1880 doka ta mai da lokacin Girinwic na ƙasar duka. Amurka kuwa faɗinta ya fi ƙarfin lokaci guda, sai kamfanonin reluwe suka raba ta yanki yanki ran 18 ga Nuwamba, 1883, tsakanin yanki da na kusa da shi sa'a guda. A 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washinton, suka zaɓi Girinwic ya zama mafarin lissafi. Nijeriya tana gaban Girinwic da sa'a guda, Gana kuwa daidai ta ke da shi.

Akwai kuma wata dabara dabam, ta matsa agogo gaba da sa'a guda a watannin da yini ke da tsawo, don a rage ƙona kwal da fitila. Wani magini, William Willett, ya yi kiran haka a 1907, amma sai a 1916, cikin yaƙi, Jamus ta soma, Ingila ta bi. Mu nan ba mu yinta, kuma a ganinmu ba mu yi hasara ba, gama muna kusa da tsakiyar duniya, tsawon yininmu ba ya sākewa da yawa tsakanin damina da hunturu.