Kafin Hadarin Gabas Ya Taso

A ƙasar Gumel, daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar, iskar farkon damina a watan Mayu da Yuni ita ce mai ɓarna. Manomi, zagaya darbejiyar ƙofar gidanka tun yanzu. Reshen da gara ta ci, ko wanda ya rankwafo kan rufin kwano, sare shi. Gawo kuwa bar shi, ganyensa zubewa yake da damina, iska ta ratsa ta wuce.

Hadari in ya haɗo, kwance awaki daga gindin itace, a kira yara ɗaki. Masu komawa gida daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, don Allah kada ku fake ƙarƙashin bishiya. In ta faɗo kan wayar lantarki, kowa ya yi nesa.